Kunun zaki gora 300 cikin zahin ga, durom guda ko bokitai?

Maman Biyu, Mabera: Assalamu alaikum mutanen zaure, ina wuninmu. Don Allah shawara nika nema ga masu yin kunu da yawa. An ba ni odar kunun zaki gora 300 na walimar saukar karatu ranar Assabar bayan la'asar, 'yan gorunan nan na rabin lita, lita 150 ke nan in lissahina bai ɓace ba. Ni kau iyakata bokiti guda ko biyu da nika kaiwa bakin makaranta. Maigida ya ce shi aro mani shuɗin durom ga maƙwabcinmu in dama dut a ciki in huta, amma gabana na hwaɗuwa sabadda zahin ga na Afrilu, ko na bokiti in ya wuce azahar shina hwara wani tsami-tsami da kumhwa balle wanga. Yaya kuka yi in aiki ya yi yawa haka?

Anti Mai Zoɓo: Wa alaikumus salam. Ma sha Allah oda ta yi kyau, Allah shi sa albarka. Ni dai zoɓo na sani, bari manya su zo

Inna ta Kware: Ɗiyata kak ki soma. Durom guda cikin bazara, ke da hannunki za ki zubar da shi da sahe. Kin san tukunyat tuwon biki da aka saukewa da dare a iske cikinta da zahi har wayewar gari, alhali malmala guda cikin akushi kahin a gama sallar isha'i ta huce, tau haka kunu yake. In kin sheƙa tahwasasshen ruwa cikin durom bisa za ta yi sanyi ki taɓa ki ce ai ya huce, ki tura hannu har gwiwa ki ji wuta. Zahin ga da ya maƙale ciki shi ka tada kunu da wuri. Mu da muka yi na suna da na biki baho-baho muka rarrabawa, ko tukwanen ƙasa in akwai, a jera su inda iska ka bugawa

Maman Biyu, Mabera: Inna na gode Allah shi ƙara girma. Tau ni tunanina in na rarraba wani shi yi zaƙi wani shi yi tsami, a ce kunun mutum biyu na

Inna ta Kware: Ki haɗe su bayan kin tace mana. Wa ya hana ki. Kwanan ne ba su yi tare

Mai Kunu Runjin Sambo: Ni hwa ban yarda da tsoratarwar nan ba gaba ɗaya, Inna ki gahwarce ni. Kowane azumi durom nika damawa ana rabawa masallatai kuma ban taɓa zubarwa ba. Sirrin kawai lokaci na, ba ni bari shi kwana cikakke, ƙarhe goma na dare in haɗa, ukku na dare in tashi in tace. Wanke bokiti goma da jera su da ruhe su ai wani aiki na daban, mutum guda ba ya iyawa

Inna ta Kware: Na azumi da aka shanyewa ga buɗa baki shi za ki haɗa da wanda za a ɗura gora a ruhe shi wuni? Kuma wane wata kika yi, azumin da yaz zo da sauran sanyi ko na tsakiyar bazara?

Mai Kunu Runjin Sambo: Dut biyu Inna. Amma gaskiya na bazara ƙanƙara nika jibgawa

Ɗalibar Danfodiyo: Salam iyayena, ku yi haƙuri in sa baki, abin ya shafi karatunmu na ƙananan halittu. Maganar Inna tana da lissafi a bayanta. Idan mazubi ya ninka girma har ya ɗauki ninki 8 na abin da yake ɗauka, jikinsa da zafi ke fita ta nan ninki 4 kawai yake ƙaruwa, shi ya sa babban abu ke daɗewa bai huce ba. Sannan shi kansa aikin tsamin yana fitar da nasa zafin, to durom ga zafin damu ga zafin gari ga na aikin.
A cikin kunu ma'aikata uku ne. Na farko wani sinadari da ke cikin ɗanyen kudaku (wato dankalin Hausa) ko tsiron hatsi, shi ke yanka sitacin gero ya mai da shi sukari, shi ya sa kunu ke saki ya yi zaƙi tun ba a sa sukari ba. Na biyu ƙwayoyin bakteriya masu kawo tsami, 'yan uwan waɗanda ke mai da madara kindirmo, su muke so amma daidai misali, kuma sun fi jin daɗi tsakanin digiri 30 zuwa 40 wato dai yanayin Sakkwato a wannan watan, da rana ma muna haura 40. Na uku yis, irin na burodi da fanke, yana nan a jikin hatsi da iska da mazubi ko ba ki zuba ba. Shi in ya samu sukari yana raba shi kusan biyu, rabi iska rabi barasa. Kumfar nan da kumburin gora aikinsa ne mafi yawa

Ɗan Gidan Igwai: Hhhhh ashe burukutu za a rabawa mahaddata, Maman Biyu a ajiye mani gora biyu

Mai Zaure: Ƙanena a kiyaye harshe don Allah, sana'ar mutane ce kuma akwai manya a nan

Ɗan Gidan Igwai: Tuba nika Hajiya, wasa na

Maman Biyu, Mabera: Wallahi ko da wasa yay yi ya taɓo abin da ka damuna. Innalillahi. Ɗaliba kina nuhin kunun da muka sha da ɗiyanmu akwai barasa ciki??

Ɗalibar Danfodiyo: Anti kwantar da hankalinki. Kunun da aka tace da asuba aka sha a ranar abin da yis ya yi a ciki ɗan mitsitsi ne, ko kin sha bokiti ba abin da za ki ji sai cikar ciki da barci, masu tsami ne ke da rinjaye a awannin farko. Matsalar tana farawa ne in aka zuba sukari da yawa aka rufe aka bar shi cikin zafi kwana da kwanaki, a nan ne yis ke karɓe filin

Haifaffiyar Zuru: Bari in faɗa muku abin da na gani da idona, don a Zuru na tashi kuma muna da maƙwabta da ba musulmi ba masu dafa burukutu, katanga ce kawai tsakaninmu. Ba abu ne da ake yi bisa kuskure dare ɗaya ba. Dawa suke jiƙawa su shimfiɗa su rufe suna yayyafa ruwa har ta yi tsiro, a shanya a niƙa, a dama a bari ya yi tsami, a dafa shi dahuwa mai tsawo a manyan tukwane, ya huce, sannan su kawo ragowar tsohuwar giya su zuba a matsayin iri su bar shi ya yi ta tafasa da kansa ba wuta. Aikin kwanaki ne. In kin wuce kusa da tukunyar za ki ji tana wani sssss kamar ana raɗa, ƙananan ƙwayoyin kumfa na tasowa daga ƙasa suna fashewa ba tsayawa, ga wari mai hawa kai. Abin da ya sa na kawo maganar, duk abin da su suke yi da gangan don ya tashi shi ne mu za mu guje wa. Su ba sa wanke tukunyar iri tas, mu mu wanke. Su suna son ɗumi, mu mu nemi sanyi. Kuma ko su ɗin in zafi ya yi yawa kuka suke, wai ta yi tsami ta lalace kafin a sayar

Ɗalibar Danfodiyo: Haka ne Anti, ko manyan kamfanonin giya tankunansu zagaye suke da bututun sanyi saboda wannan zafin da aikin ke haifarwa, wata irin ma a wajen digiri 10 suke tsare ta. Kuma dawar nan tamu suke amfani da ita sosai tun da gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988. Irin su Maltina ma daga tsiron hatsi ne, sai dai ba a barin yis ya yi aiki a ciki shi ya sa ba maye

Mai Zaure: To an fara nisa. Allah gafarta Malam in kana kusa a taimaka mana da hukunci kafin a koma kan bokiti

Malam na Arkilla: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ina biye da ku. Asalin ƙa'ida sananniya ce, duk abin da ke sa maye haramun ne, kuma abin da mai yawansa ke bugarwa to kaɗan ɗinsa ma haramun ne, ba ruwan shari'a da sunan abin ko daga me aka yi shi. An ma tambayi Manzon Allah SAW game da wani abin sha na mutanen Yaman da ake yi da dawa, ya tambaya shin yana bugarwa, aka ce e, ya hana. To amma tsami daban maye daban. Nono yana tsami, ƙullun masa yana kwana ya tashi, babu malamin da ya haramta su.
Abin da ya fi kusa da mas'alarku shi ne tsimin dabino ko zabibi da ake jiƙa wa Annabi SAW. Ya zo a Sahihu Muslim daga Ibn Abbas cewa yana sha a ranar da washegari har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya rage a ba wani ya shanye ko a zubar. Nana A'isha kuma ta ce suna jiƙawa da safe ya sha da yamma, su jiƙa da yamma ya sha da safe. Sannan akwai na Abu Huraira da ya kawo masa tsimi ya tarar yana tafasa da kumfa, ya ce a watsar da shi. Ku lura kwana ukun nan ba lasisi ba ne, idan zafin garinku ya sa abu ya tashi a kwana ɗaya to hukuncin yana bin halin da abin yake ciki ne. Wallahu a'alam

Maman Biyu, Mabera: Jazakallahu khairan Malam, hankalina ya ɗan kwanta

Malam na Arkilla: Wa iyyaki. Ƙari kaɗan tunda maganar mazubi kuke, a farkon al'amari an hana yin tsimi a wasu mazubai, daga ciki akwai duma da abin da aka shafe da kwalta, domin suna gaggauta shi. Daga baya aka yi sauƙi aka ce a sha a kowane mazubi banda mai bugarwa, amma malamanmu na Malikiyya sun ci gaba da karhanta waɗannan biyun, yana nan cikin Risala. Kun ga tun wancan lokaci an san mazubi yana da tasiri

Ɗan Gidan Igwai: Allah gahwarta Malam tau hurar da muka damawa cikin ƙwarya hwa? Kak a raba mu da hura don Allah

Malam na Arkilla: Sha furarka malam. Ana magana ne kan jiƙa abu mai zaƙi a bar shi ya daɗe a ciki, ba damawa a sha nan take ba

Amaryar Gawon Nama: Ni 'yar Kano ce aure ya kawo ni, kuma ina yin na taro sosai, bari in faɗi yadda nake yi ko zai yi amfani. Na farko jiƙon gero, a wannan zafin ba na barin sa ya kwana, da asuba nake jiƙawa in canja ruwa da hantsi in sake canjawa da azahar, domin ruwan jiƙon nan in kin ga ya yi yauƙi yana kumfa to tsami ya riga ya fara tun kafin a je inji. Na biyu injin markaɗe, wannan shi ne inda mutane da yawa ke kwasar matsala ba su sani ba, kin kai geronki mai kyau an zuba a bayan ƙullun wata da ya kwana ko wake na ƙosai, ragowar nan duk ta shige naki. Ni ina tafiya da ruwana jarka guda in biya mai inji ya wanke a gabana, yana ƙunƙuni ina kallon sa. Dankalin da citta da kanumfari daban nake markaɗa su da ɗan geron da zan bari ɗanye. Sai in raba ƙullun, kashi biyu in dama da tafasasshen ruwa kashi ɗaya in ajiye, amma damun a baho mai faɗi nake yi ba mai zurfi ba, in yi ta juyawa da muciya har tururin ya ragu

Maman Biyu, Mabera: Amarya wane lokaci kika zuba ɗanyen? Ni nan nika rikicewa, wata rana shi saki wata rana shi tsaya kamar koko

Amaryar Gawon Nama: Sai in na iya tsoma yatsa in ƙirga biyar ban cire ba, amma da sauran zafi sosai. Ki juya tukuna kafin ki gwada, kar ki gwada saman kawai. In kin dace za ki gani da idonki, damun da muciya ke tsayawa a ciki kina zuba ɗanyen kina juyawa sai ki ji hannunki ya yi sauƙi, ya fara sulɓi yana bin muciyar, kafin rabin awa ya zama ruwa-ruwa. In ya ƙi saki to da zafi kika zuba kin kashe dankalin

Ɗalibar Danfodiyo: Daidai. Sinadarin kudakun ya fi aiki a wajen digiri 55 zuwa 60, in zafi ya kusa tafasa mutuwa yake. Shi ya sa durom ke cutar mutum ta fuska biyu, ki zuba da wuri tsakiya ta kashe shi, ki jira tsakiya ta huce kuma awanni sun tafi gefe ya riga ya fara tsami. Akwai kuma wasu ƙwayoyin cuta da ke jure tafasa a dafaffen hatsi, in abu ya daɗe da ɗumi kafin tsami ya kama shi suna iya farfaɗowa su kawo amai da gudawa. Mutum 300 ba wasa ba

Mai Kunu Runjin Sambo: Tau ni dai har yanzu ban ga wanda ya mutu da kununa ba

Inna ta Kware: Allah shi kiyaye gaba, ba a hwatan a gani

Mai Kunu Runjin Sambo: Amin Inna. Amma bari in kawo wata dabara da za ta raba gardama, mi zai hana ta bar kwanan gaba ɗaya? Ta dama da asubar Assabar, kudaku shi yi aikinai awa biyu ukku, ta tace, ta jiƙa tsamiya ta zuba don ɗan tsamin, shi ke nan ba kwana ba hwargaba. Na sha yin haka in oda ta zo mani kwatsam

Inna ta Kware: Wanga kunun tsamiya na mai sanyi, kak ki kira shi kunun zaki. Ƙamshin kwana daban yake, duk wanda ya san kunu kurɓa guda zai gane. Ku yaran yanzu komi sai kun yanke mai hanya

Amaryar Gawon Nama: Hhhh Inna ta faɗi gaskiya amma wallahi 'yan walima ba sa ganewa in ya yi sanyi ya ji citta. Ni dai na fi son na kwana, sai dai gajeren kwana, awa biyar zuwa shida a bazara ya isa, lokacin hunturu ne nake barin sa har gari ya waye wani lokacin ma in lulluɓe shi da bargo in ya ƙi tashi

Anti Mai Zoɓo: Ni tambayata sukari. Ga zoɓo na lura in na sa sukari tun dare da sahe gorunan sun yi tauri kamar dutse, gindin gorar ya turo waje ba ta ko iya tsayuwa, kina murɗa marhi ta yi tsiiit ta watso miki ga zane. Kunu ma haka na?

Amaryar Gawon Nama: Ya ma fi. Sukari shi ne na ƙarshe, sai za a ɗura. Ni dafa shi nake da ɗan ruwa ya narke ya huce sannan in zuba, ya fi haɗuwa kuma an kashe abin da ke ciki. Kuma kar a cika gora har wuya, a bar kamar yatsa biyu

Ɗalibar Danfodiyo: In kin matsa gora kika ji ba ta lotsawa ko marfi ya yi tsit, kar a ba kowa. Kuma don Allah maganar goruna, in tsofaffi ne da aka tsinto a wanke da ruwan zafi da sabulu har cikin marfin, zaren marfin nan yana ɓoye datti. Sababbi sun fi in kuɗin odar zai ɗauka

Maman Biyu, Mabera: Sababbi na saye, masu walimar sunka biya. Tau in na tace in sake ɗora shi wuta hwa don in kashe komi? Na ji ana yi ma madara haka

Ɗalibar Danfodiyo: Ana yi, madara digiri 63 na minti 30 ake mata ko 72 na daƙiƙa 15, kuma a kunu ma yana ƙara masa kwana in an sanyaya shi nan da nan

Inna ta Kware: Ki ɗora ki ga koko. Ɗanyen ƙullun da ac ciki ina za shi?

Ɗalibar Danfodiyo: Inna ta kama ni hhh. Gaskiya ne sitacin da bai dahu ba yana fara kauri in an kusa 70, sai da ma'aunin zafi da juyawa ba tsayawa, kuma lita 150 a kan icce ba za ki iya tsare shi a 63 ba. Ga wanda za a sha a ranar bai ma zama dole ba Anti, sanyi ya ishe ki. In ya sauka ƙasa da digiri 5 kusan duk aikin tsayawa yake, ba mutuwa suke ba dai, suna jin ɗumi za su ci gaba

Ɗan Gidan Igwai: Sanyi da wace wuta? Mu unguwarmu rabonmu da ita tun shekaranjiya

Mai Kunu Runjin Sambo: Shi ya sa nic ce ƙanƙara. Ki sayi manyan ƙulli ki hwasa ki zuba ciki, ta sanyaya ta kuma ƙara miki yawa

Haifaffiyar Zuru: A'a don Allah banda cikin kunun. Kin san da wane ruwa aka yi ƙanƙarar? Wasu daga rijiya ko 'yan garuwa suke ɗura leda su daskarar, sanyi kuma ba ya kashe ƙwayar kwalara da taifot. Ki ɗura gorunanki ki rufe, ki jera a kula ko ma cikin durom ɗin da maigida zai aro, ki fasa ƙanƙara a kansu ki barbaɗa gishiri ki rufe da buhu jiƙaƙƙe. Ga amfanin durom nan ya fito. Kuma ki tambayi abin da aka taɓa zubawa a cikinsa, shuɗɗan nan da yawa na sinadarai ne aka wanke aka kawo kasuwa, robar tana riƙe wari, balle a sheƙa mata tafasasshen ruwa

Mai Kunu Runjin Sambo: Ni tawa ƙanƙarar da fiya wata nika yi a gida, amma na ji, ga mai saye waje maganarki daidai ta

Anti Mai Zoɓo: Akwai wani hwarin gari da aka saidawa shagunan kayan kek wai shina hana lalacewa, wata ta ce in riƙa sawa. Ɗaliba mi kika gani?

Ɗalibar Danfodiyo: Sodiyam benzowet ne galibi. Kamfanonin lemo na sa shi amma da sikeli suke aunawa, ɗan kaɗan ƙwarai, kuma akwai iyakar da NAFDAC ta sa. Sai abu mai tsami yake yi wa aiki, kuma in ya haɗu da bitamin C a cikin zafi yana iya haifar da wani sinadari mai cutarwa, ku kuma masu zoɓo kuna sa lemo da abarba. Da cokali da ƙiyasin ido ni ba zan ba da shawara ba. Kuma ba ya gyara abin da ya riga ya tashi

Inna ta Kware: Citta da ƙanumhwari da kimba su munka sani, ki sa su da hannu sake, suna ɗan riƙe shi

Maman Biyu, Mabera: Tau ga abin da nit tsara ku duba mani. Juma'a bayan asuba in jiƙa, in canza ruwa sau biyu, bayan la'asar a kai inji, in dama bayan isha'i cikin baho, in rarraba bokitai goma na lita 20 kowane in tsaya ga 15, ƙarhe ukku in tashi da ƙannena mu tace mu haɗe, sukari, ɗuri, ƙanƙara. Sai dai ƙullun da za shi zauna daga la'asar har isha'i shi ka ba ni tsoro

Amaryar Gawon Nama: Ki matsar da injin zuwa gab da magariba, ko ki dama da kin dawo ki tace tun sha biyun dare, ɗanyen ƙullu a zafin nan awa huɗu ya yi yawa. Bokitan kuma kar ki danne marfi, mayafi mai tsabta ko rariya ki kifa a sama, ki sa su a tsakar gida ba ɗaki ba. Kuma ki ɗanɗana tun ƙarfe ɗaya, da ludayi daban kowane bokiti, wanda ya kai ki tace shi kar ki jira sauran

Inna ta Kware: Ki ɗora su bisa jiƙaƙƙen yashi in kina da shi. Tacewa kau lita 150 da ƙanne biyu ba ku gamawa kahin rana ta hito, ki nemi mutum huɗu da abin tata huɗu

Mai Kunu Runjin Sambo: Daga ƙarhe shida na sahe har la'asar awa goma ke nan hwa cikin ƙanƙara, sai kin canza ta da azahar, ki sa kuɗɗinta cikin lissahi tun yanzu don ranar Assabar tsada taka yi. Ko ki nemi masu firizar sola ki biya su kwanan gora

Haifaffiyar Zuru: Ina da firiza babba amma 300 ba za su shiga ba, ko 120 in an jera da kyau. In kina so ki turo yaro da Keke da sassafe, ki yi mini magana ta gefe in kwatanta miki gidan

Maman Biyu, Mabera: Allah shi saka da alheri Anti, yanzu za ni yi miki magana. Saura 180, wa ad da kula babba ta aro kusa da Mabera?

Ɗan Gidan Igwai: Akwai ta ƙungiyarmu ta ƙwallo guda biyu amma marhin guda ya hwashe, sai a ɗaure da igiya

Maman Biyu, Mabera: Kawo su haka nan ƙanena, Juma'a da sahe don in samu in wanke